Yadda Ake Gano Giɓi ko Ninki a Ƙwayoyin Gado Masu Tsare Jiki daga Sankara

Idan a gida ɗaya a unguwar Kpébié ta Parakou kaka ta rasu da sankarar mahaifa, ɗanta kuma ya kamu da ta hanji bai cika hamsin ba, to lallai a binciki jinin gidan. A duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, kuma kwafi ba ya rasa kuskure. Masu bi suna gyarawa su ne ƙwayoyin gado MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2, kowacce mutum ya gaji biyu, ta uwa da ta uba. Wanda ya gaji ɗaya a lalace yana ɗauke da larurar Lynch, wadda aka sa wa sunan likitan Amurka Henry Lynch da ya bayyana ta a 1966, kuma ita ke haddasa kusan 3 cikin 100 na sankarar hanji.

Abin da nake so a gane shi ne, karanta haruffan DNA kaɗai bai wadatar ba. Idan aka yage shafi guda daga ɗayan littattafai biyu masu kama da juna, mai duba rubutu zai karanta na ɗaya littafin ya ce lafiya lau, domin bai ga harafin da ya karkace ba. Sai an ƙirga shafuka. Aikin gwajin MLPA ke nan, wanda Jan Schouten da abokan aikinsa suka fitar a Amsterdam a 2002.

Ana farawa da tarihin dangi har kakanni, sannan a rina tsokar da aka yanko daga ƙarin a ga wane mai gyara ne ya ɓace. Daga nan a ɗebi jini a kwalba mai hana shi daskarewa, a tace DNA. Sai a zafafa ta zuwa digiri 98 na minti 5 don igiyoyinta biyu su rabu, a zuba 'yan alamomi da aka ƙera bibbiyu, kowane biyu da gurbin da za su lafe kafaɗa da kafaɗa, a bar su awa 16 a digiri 60. Washegari a sa sinadarin da ke liƙe su. Nan dabarar take: ba sa liƙuwa sai gurbinsu yana nan, saboda haka yawan waɗanda suka liƙu shi ne yawan shafukan. A ninninka su zagaye 35, na'ura ta jera su bisa tsawo, a kwatanta da jinin masu lafiya. Sakamakon 1 daidai ne, wajen 0.5 giɓi, wajen 1.5 ninki. Idan alama ɗaya tak ta faɗi, dole a tabbatar ta wata hanya, don canjin harafi guda kan hana ta lafewa. A kuma haɗa da EPCAM, maƙwabciyar MSH2, wadda guntulewar ƙarshenta ke kashe MSH2 ko da ita lafiyarta ƙalau.

Wani zai ce, ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke ɗibar yara, ina ita ina wannan tsada? Maganarsa da nauyi. Amma mutum ɗaya ake yi wa cikakken bincike, majinyacin, kuma DNA tana jure tafiya, asibitin koyarwa na Parakou zai iya aika ta duk inda na'urar take. Da an gano giɓin, shi kaɗai za a nema a jinin 'yan'uwa. Kowane ɗa, tsakaninsa da gadon rabi da rabi ne. Wanda bai gada ba ya huta da fargaba, wanda ya gada kuma a riƙa leƙa hanjinsa da kyamara duk shekara ɗaya ko biyu, a cire tsiro tun bai rikiɗe ba. Wannan ya fi tiyata da maganin sankarar da ta bazu araha nesa ba kusa ba.

Tsoron da ya fi na tsada ƙarfi shi ne a ce jinin gidan wane ba shi da kyau, aure ya gagari 'ya'yansu. Shi ya sa ba a ɗibar jini sai an zauna da mutum an yi masa bayani ya yarda, sakamakon kuma sirrinsa ne. Mai karatu, ko a Parakou kake ko a Djougou, in sankarar hanji ko ta mahaifa ta maimaitu a danginku, rubuta wa ta kama da shekarunsa, ka kai wa likita.