Nazarin Littafi Mai Tsarki: Idan Majami'a Ta Cika Ranar Idi

A ranar Kirsimeti, tun kafin a buga ƙararrawa ta biyu, majami'armu ta cika maƙil. Akan aro bencuna, a shimfiɗa tabarmi a gindin itace, yara kuma suna leƙe ta taga. Waɗanda suke aiki ko karatu a birni sun dawo gida, 'yan zumuntar mata sun sha anko. Haka ma ranar Ista da ranar godiyar kaka. Amma bayan mako biyu sai bencuna su koma wayam, mu 'yan kaɗan da muka saba ne kawai.

Sau da yawa mu masu zuwa kullum mukan yi gunaguni, mu ce 'yan shekara-shekara sun zo sun ƙwace mana wurin zama. Wani lokaci mai wa'azi ma yakan yi musu habaici. Wanda aka kunyata a gaban jama'a kuwa, da wuya a sake ganinsa sai baɗi.

Mu karanta Ayyukan Manzanni 2:1-13 da 2:37-47

Shari'ar Musa ta umarci mazan Isra'ila su hallara a gaban Ubangiji sau 3 a shekara (Maimaitawar Shari'a 16:16). Fentikos ɗaya ne daga cikin waɗannan idodi, yakan zo kwana 50 bayan Idin Ƙetarewa. A ranar, Urushalima tana cike da Yahudawa na ƙasashe dabam-dabam, har da Masar da Libiya da Roma. Masu bi kuwa wajen 120 ne kawai (1:15). Bitrus bai tambayi taron inda suke duk shekara ba. Ya faɗa musu gaskiya a kan Yesu, ya kira su su tuba, aka yi wa mutum wajen 3,000 baftisma a ranar. Ashe ikkilisiya ta fari daga taron idi ta yi girma.

- Bisa ga aya 42 zuwa 47, waɗanne abubuwa ne suka riƙe sababbin masu bi bayan idi ya wuce?
- A ina suke haɗuwa, ban da Haikali?
- Wanne daga cikin waɗannan abubuwa ne ya yi ƙaranci a ikkilisiyarmu?

Me ke hana su zuwa?

Gaskiya ne akwai waɗanda sanyin zuciya ne ya hana su. Amma idan muka bi gida-gida za mu ji wasu dalilai. Wata gwauruwa ba ta da zanen fita, kunya ta hana ta. Wani tsoho ƙafarsa ba ta iya kai shi. Wani ya tafi cin rani don ya ciyar da iyalinsa. Wani ya yi rikicin iyakar gona da dattijon ikkilisiya, ba wanda ya sulhunta su. Wani kuma yana tsoron a kira sunansa a kan alkawarin kuɗin gini da ya kasa biya.

Mu karanta Yakubu 2:1-4 da Ibraniyawa 10:24-25

Yakubu ya tsawata wa ikkilisiyar da ke ba mai kayan ado wuri mai kyau, ta bar matalauci a tsaye. Wasiƙar Ibraniyawa kuma ta nuna cewa tun a zamanin nan akwai waɗanda suka saba fashin taro. Ta gargaɗe mu kada mu bi halinsu, ta kuma ɗora mana nauyin ƙarfafa juna. Duk manomi ya sani, gonar da aka shuka ba a koma an yi mata noma da maimai ba, ciyawa ce za ta cinye ta. Bangaskiyar da ake ba ta abinci sau biyu a shekara ma haka take.

- A ranar idi, wa muke kai wa kujerun gaba, wa kuma muke bari a rana?
- Su wa suka daina zuwa sujada a bana? Mun je mun gaishe su?

Abin da za mu iya yi

- Kafin idi, mu shirya ƙarin wurin zama, inuwa da ruwan sha. Mu masu zuwa kullum mu fara tashi mu ba baƙi wuri.
- Mu gaishe su da sunansu, ban da zolaya.
- A yi wa'azin bishara a sarari, kada roƙon kuɗi ya cinye lokacin.
- Cikin mako biyu bayan idi, mu fita biyu-biyu mu ziyarci gidajensu. Zumunci a ƙafa yake.
- Mu kai sujada gidajen tsofaffi da marasa lafiya. Inda talauci ko rikici ne ya hana, mu nemi hanyar taimako da sulhu.

Addu'a

Mu gode wa Allah domin kowane mutum da ya kawo mana ranar idi. Mu roƙi gafara domin waɗanda muka kora da bakinmu. Kowannenmu ya ambaci sunan mutum ɗaya da zai ziyarta a wannan mako, sa'an nan mu yi addu'a dominsa.