Tabon Aikin Ciki da Ciwon Bayan da Ya Ƙi Jin Magani

Duk wanda ya zo mana sashen fisiyo da daɗaɗɗen ciwon baya ko na ƙugu, ba ma rufe tambayoyi sai mun ji ko an taɓa yi masa aiki a ciki. Da yawa kan yi mamaki: mutum yana nuna gadon bayansa, mu kuma muna roƙon ya bari mu duba mara. Mata sukan ce, "Likita, ai wannan ya warke tun yarinyar tana goye, yanzu ga ta har ta shiga firamare." Haka ne, fata ta warke. Sai dai fata ita ce farkon abin da wuƙa ta ratsa, ita kaɗai ce kuma ido ke gani.

A aikin haihuwa, yankan da aka fi yi shi ne na kwance a ƙasan mara, wanda wani likitan mata Bajamushe, Pfannenstiel, ya bayyana a 1900. Kafin a kai ga jariri sai an wuce fata, da kitse, da farin tantani mai ƙarfi da ya lulluɓe tsokar ciki, a raba tsokokin biyu, a buɗe siririn tantanin da ya shimfiɗe cikin ciki, sannan a yanka mahaifa. Kowanne cikinsu zai warke, kuma jiki da tabo yake warkewa. Naman tabo bai kai na asali laushi da miƙewa ba, ƙarfinsa ma ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na yadda wurin yake a da, kuma yakan shekara ko fiye yana sake tsari. Abin da ya fi damun mu shi ne, waɗannan sassa an halicce su ne su riƙa zamewa a kan juna idan mutum ya miƙe, ya juya ko ya ja numfashi. In sun warke a manne, motsin ya ragu. Haka abin yake ga wanda aka yi wa aikin afendis, ko gwaiwa, ko ƙarin mahaifa, ko yaron da taifot ta huda wa hanji aka tsaga shi daga cibiya zuwa ƙasa.

Hanyar da na fi ganin ciwon yana bi ya isa baya ita ce ta tsoka. A can ƙarƙashin tsokokin ciki akwai wata shimfiɗaɗɗiya da ta yi wa ciki ɗamara, ta zagaya ta haɗe da tantanin da ke riƙe ƙashin baya. A 1996 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Hodges da Richardson, sun nuna cewa a jikin mai lafiya wannan tsoka takan ɗaure tun kafin hannu ya ɗaga, amma a masu ciwon baya takan makara. Binciken nasu a kan masu ciwon baya ne gaba ɗaya, ba waɗanda aka yi wa tiyata ba, amma ya koya mana inda za mu duba. Wadda aka yi wa aiki takan kwashe makonni tana tafiya a duƙe, hannu a mara, tana tsoron tari, tana tsoron dariya, numfashi iyakarsa ƙirji. Ciwon ɗinkin zai wuce, amma sau da yawa jiki ba ya komawa yadda ya saba sai an sake koya masa. Tsokokin baya su ɗauki aikin da ba nasu kaɗai ba, ga goyo, ga sunkuyon wanki da shara. Bayan shekara biyu ko uku sai a ce ciwon baya ya taso haka kawai.

A nan ne ake ɗora wa allurar baya laifi. Da yawa daga cikin matan da aka kashe wa rabin jiki kafin aiki za su ce maka allurar ce ta lalata musu baya. Wurin allurar kan yi tsami na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma bincike bai nuna tana haifar da ciwon shekaru ba. Wannan zargi yana ba ni takaici saboda yana kashe gwiwa: mace ta ɗauka ɓarnar ta riga ta auku, babu abin yi sai haƙuri, wata ma ta ƙi allurar a haihuwa ta gaba.

Akwai kuma jijiyoyi. A gefe biyu na ƙasan mara wasu ƙananan jijiyoyin ji suna ratsawa zuwa matsematsi da saman cinya. Wuƙa na iya taɓa su, zare na iya kama su, tabo na iya matse su. Mai wannan matsala yakan ce zafi ne kamar wuta, ko tsira kamar allura, har lastik ɗin wando ko ɗaurin zani ba ya so ya taɓa wurin, kuma yakan iya nuna inda yake da yatsa ɗaya. Bayan aikin gwaiwa, kusan mutum ɗaya cikin goma kan zauna da ciwon da ya haura wata uku. Gwajin da ke taimaka mana tsoho ne, tun 1926 wani likitan tiyata a Amurka, Carnett, ya bayyana shi: a danna wurin, a ce wa mai ciwo ya ɗago kansa daga kwance. In zafin ya ƙaru, alama ce cewa a bangon ciki matsalar take, ba a hanji ba.

Batun mannewar hanji shi ne nake so mu yi a hankali, domin a nan ake yi wa mutane romon baka. A 1990 likitoci biyu a Ingila, Menzies da Ellis, sun ruwaito cewa kashi 93 cikin 100 na waɗanda aka sake buɗewa bayan wani aikin ciki an same su da mannewa. Takan fara ne cikin makon farko, kuma hoto ko sikanin na yau da kullum galibi ba ya nuna ta. Amma mafi yawan masu ita ba sa jin komai har ƙarshen rayuwarsu. A 2003, a ƙasar Holan, an raba mutum 100 masu daɗaɗɗen ciwon ciki da mannewa gida biyu: wasu aka yanke musu mannewar, wasu aka leƙa da na'ura kawai aka rufe. Waɗanda aka yanke wa ba su fi sauran samun sauƙi ba. Ga shi kuma kowane sabon aiki yana iya haifar da sabuwar mannewa. Don haka duk wanda ya ce miki zai warware mannewar hanji da tausa, ko da wani garin magani, ki riƙe kuɗinki. Hannuna yana aiki ne a fata, da tantani, da tsoka, kuma iyakar alkawarin da zan iya yi ke nan.

Wannan iyakar ma ba ƙarama ba ce. Na tuna wata baiwar Allah mai sana'ar ɗinki da aka yi wa aiki sau biyu. Ta sha maganin sanyi har ta gaji, an yi mata ƙaho, diclofenac kuwa kullum sai ta aika kemis, har ƙirjinta ya fara zafi. Hoton bayanta bai nuna wani abin kirki ba. Da abokiyar aikina ta duba marar, sai ga tabon ya lotsa ciki, gefen dama ba ya motsi ko kaɗan, kuma tun da aka yi aikin ba ta taɓa yarda ta sa hannu a wurin ba. Muka fara da numfashi da ke cika ciki, da koya mata motsa tabon da kanta, sannan atisayen ƙarfafa ciki da ɗuwawu, muka gyara mata tsayin kujerar keken. Ciwon bai ɓace ƙaf ba, amma ta koma ɗinkin yini guda, ta daina aike kemis. Ba zan ce tausar tabon kaɗai ce ta yi aiki ba. Duka muka haɗa.

Ga wadda ba ta daɗe da fitowa ba: idan ɗinki ya rufe sarai, ba ruwa, ba ƙaiƙayin ƙurji, likitanki kuma ya amince, wanda galibi wajen mako shida ne, ki wanke hannu ki ɗora yatsu a saman tabon, ki tura fatar sama da ƙasa, dama da hagu, a hankali, minti kaɗan a rana. Jin ɗan ja ba laifi, zafi mai tsanani kuwa alama ce ta a dakata. Ki riƙa tashi daga kwance ta gefe, ki fitar da numfashi lokacin da za ki ɗauki yaro. Ɗaurin ciki yana sa a ji daɗin tafiya a makonnin farko, amma ba ya gina tsoka. Masu wankan jego su sani fatar da ke kusa da ɗinki takan mutu na watanni, ruwan zafi zai iya ƙona ta mai jego ba ta ji ba. Wadda tabonta ke kumbura yana wuce iyakar yankan, abin da ya fi yawa ga baƙar fata, ta nuna wa likita kafin ta shafa komai.

Wasu alamomin kuwa ba namu ba ne. Murɗawar ciki mai tsanani da amai da kumburi, ba bayan gida ba tusa, ko da shekara ashirin ke nan da aikin, wannan na iya zama toshewar hanji, asibiti za a nufa a daren, ba sai gari ya waye ba. Ƙullutun da ke fitowa a kan ɗinki idan an yi tari, da tabon da ke kumbura yana ciwo duk lokacin al'ada, su ma likitan tiyata ko na mata ya kamata ya gani.

Kada wani ya karanta wannan ya hana matarsa aiki in likita ya ce a yi. Naƙudar da ta ƙi ci gaba tana kashe uwa da ɗa, ciwon tabo kuwa ana jinyarsa. Abin da nake roƙon maigida da uwar miji shi ne makonni shidan farko: a ɗauke mata jarkar ruwa, da daka, da wankin gida, a kuma mayar da ita asibiti ranar da aka rubuta mata a kati.