Yadda Ake Kawo wa Yaro Kanal Har Tsakar Gida

Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, ruwansa ke bin kanal yana shayar da shinkafa da tumatir da alkama a Kadawa, Kura da Bunkure. Yaron wannan yanki, har Madobi, yana buɗe ido ne ya ga manya suna auna ruwa, suna tare shi, suna sakinsa. Wannan ilimi ne, kuma ɗan shekara uku zuwa shida zai fara kama shi da hannunsa idan aka shirya masa wurin.

Da farko a zuba ruwan famfo ko na rijiya a faffaɗan baho, kada zurfinsa ya wuce tsawon yatsa, a ajiye a inuwa da hantsi. A kawo ludayi, mazurari, gwangwanin madara, doguwar kwalbar roba da ƙwarya. Sai a tambayi yaro: gwangwani nawa zai cika ƙwaryar? Ya faɗi nasa, sannan ya zuba yana ƙirgawa da baki. Daga nan a juye ruwan ƙwarya cikin kwalba a idonsa. Yawanci zai ce ruwan ya ƙaru, don ya ga ya yi sama. Wani masani mai suna Jean Piaget ya nuna cewa yara kan yi wannan kuskure har wajen shekara bakwai, saboda haka kada a tsawata masa. A bar shi ya mayar da ruwan ya sake juyewa, hannunsa ne zai gyara masa. Bayan haka a jefa tsakuwa, kara da murfin kwalba, ya cinci wanda zai nutse. Ƙarshe, a tona ɗan layi a yashi zuwa ƙananan fangali biyu, ya toshe ɗaya ya shayar da ɗaya, yadda babansa ke yi a gona.

Wata uwa za ta ce ai yara suna wasa a kanal tun tuni. To, nan ne haɗarin yake. Dodon koɗin da ke ruwan kanal shi ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, ta fata take shiga, ga kuma igiyar ruwa mai jan yaro. Ko a baho ma ƙaramin yaro na iya nutsewa, don haka babba ya zauna kusa, kada a bar wa yayarsa 'yar shekara takwas. Mai tsoron mura ya tsallake safiyar hunturu, ya sauya wa yaro riga. Mai ganin ɓarnar ruwa kuwa, in an gama a kwarara shi gindin zogale, a kife bahon saboda sauro.