Darasin Lafiya: Yadda Ƙoda ke Ɗaga Jini, Jini Kuma Ya Cinye Ƙoda

Darasinmu na wannan wata ya shafi wata alaƙa da mutane da dama ba su sani ba sai ranar da likita ya ce za a fara wankin ƙoda.

Yawancinmu mun ɗauki ƙoda a matsayin rariya kawai, mai tace jini ta fitar da fitsari. Haka ne, kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya, kuma su biyun suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a yini. Amma Allah cikin hikimarSa Ya ba ta wani aikin: ita ce mai gadin ƙarfin gudun jini. Idan ta ji jinin da ke isowa gare ta ya ragu, sai ta saki wani sinadarin aike mai suna renin, wanda Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman suka gano a Istokholm a 1898. Renin yana yanka wani furotin da hanta ke samarwa. Abin da ya fito ya bi jini zuwa huhu, inda ake mayar da shi anjiyotensin na biyu. Wannan shi ne mai ƙarfin. Yana tsuke jijiyoyin jini, yana tayar da ƙishirwa, yana kuma umartar wata 'yar halitta da ke zaune bisa kan ƙoda ta saki aldostiron, wanda ke sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa.

Ga wanda ya zubar da jini ko ƙishi ya kama a daji, wannan tsari ceto ne. Matsala tana zuwa ne idan ƙoda ta yi tabo. Sashen da ya lalace ba ya samun isasshen jini, sai ya yi ta kiran agaji alhali jiki cike yake da ruwa. Jini ya hau, hawan ya ƙara lalata matatun da suka rage, su ma su shiga kiran. Harry Goldblatt ya nuna tushen wannan a 1934, da ya matse jijiyar ƙodar karnuka, jininsu ya hau ya zauna. Duk wannan kuwa yana gudana shekaru ba tare da ciwo ba.

Mu 'yan asalin Afirka ta Yamma muna da ƙarin dalilin kula. A 2010 masana suka gano wasu nau'o'i na ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda suka yawaita a yankinmu. Suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci na ƙudan tsando, amma wanda ya gaje su daga uwa da uba haɗarin ciwon ƙoda ya ƙaru a kansa. Haka nan jinin baƙar fata ya fi saurin hawa da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. A lissafa da dunƙulen miya, da yajin tsire, da kanwa, da abincin gwangwani da muke saya a nan.

Magunguna irin su ramipril da losartan suna katse wannan saƙo ne, shi ya sa likita ke ba da su ga mai furotin a fitsari ko da jininsa bai yi tsanani ba. Abin mamaki, na farkonsu, captopril, daga binciken dafin wani macijin Birazil ya samo asali. Suna iya ɗaga fotasiyam, don haka gwajin jini bayan fara su ba abin wasa ba ne, kuma gishirin shago da ake tallatawa a matsayin mai sauƙi galibi fotasiyam ne. Mai ciki ba ta shan su. Ramipril kan sa tari maras majina. A gaya wa likita ya canza, kada a daina a ɓoye. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake haɗiya don ciwon baya bayan aikin dare, suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma a ganina jiƙe-jiƙen da ake aiko mana daga gida ba tare da sanin abin da ke ciki ba sun fi su haɗari.

Game da azumi: mai ciwon ƙoda ya ga likitansa makonni kafin Ramadan, musamman a ƙasashen da yinin bazara ke wuce sa'a 16. Rashin ruwa tare da waɗannan magunguna na iya durƙusar da ƙodar da dama ta raunana, kuma shari'a ta yi wa maras lafiya rangwame a Suratul Baƙara.

Gwaji biyu ake buƙata, na jini mai nuna ƙarfin tacewa da na fitsari mai nuna furotin. Idan lambar tacewa ta zauna ƙasa da 60 har wata uku, ciwo ne mai daɗewa. Duk mai hawan jini, ko ciwon suga, ko wanda aka taɓa yi wa wani a gidansu wankin ƙoda, ya nemi a yi masa su biyun sau ɗaya a shekara.