Amsoshin Tambayoyinku: Haɗa kayan kamun kifi a gida

Wani mai sauraronmu daga Makarfi yana tambaya ko kayan su da mutum ya haɗa da hannunsa za su kama kifi kamar na kanti. Malam, za su kama, muddin an yi su daidai da ruwan da za a shiga. Ruwan fadamu da tafkunan Makarfi, Kudan da Ikara yakan gurɓace da laka da damina, kuma kifin da ya fi yawa a ciki tarwaɗa ce da karfasa. Tarwaɗa ba da ido take farauta ba, da ƙamshi da gashin bakinta take lalubo abinci. Saboda haka kifin roba mai ƙyalli da Turawa ke ja a ruwa garai-garai ba zai yi maka aikin da tana, gara ko hanjin kaza za su yi ba. Sandar gora ta isa fatsa, guntun ƙyauro ko tsohon silifa ya nuna maka lokacin da kifi ya ci, ƙaramin noti kuma ya nutsar da ƙugiya.

Wani zai ce kayan gida ba sa ƙarko. Da gaskiyarsa a wuri biyu: ƙugiya da zare. Waya da aka lanƙwasa takan miƙe idan babbar tarwaɗa ta fizga, zaren auduga kuma yana ruɓewa a ruwa, don haka waɗannan a saya. Ban da yin su da gidan sauro: idanunsa ƙanana ne, yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba.