Wa Zai Kula Da Benayen Da Muke Ginawa?

Sana'ata kula da gine-ginen kasuwanci ce: filaza, benen ofisoshi, rumbunan ajiyar kaya. Ba a cika nemana ranar aza harsashi ko ranar buɗe gini ba. An fi kirana bayan shekara 10 ko 15, lokacin da dekin ya fara yoyo, famfo ya daina hawa bene na biyu, 'yan haya na kirki suka fara tattara komatsansu. A lokacin ne mai gini yake cewa, "Injiniya, zo ka duba mana, ko fenti za mu sake." Sau da yawa abin ya riga ya wuce fenti. Wannan ne ya sa nake so iyaye da ɗalibai da masu gine-gine su san cewa raya gini da sake masa amfani ilimi ne mai zaman kansa, ana karanta shi a jami'a, kuma muna da ƙarancin masu shi ƙwarai.

Ginin kankare na yau da kullum ana tsara shi ne ya yi aƙalla shekara 50. Sai dai sassansa ba tare suke tsufa ba. Fentin waje yana neman sabuntawa bayan 'yan shekaru. Na'urar sanyaya ɗaki takan gaji a shekara 10 zuwa 15, lif a shekara 20 zuwa 25, wayoyin lantarki ma suna da nasu wa'adin. Ginshiƙai da bim ne ke daɗewa, su ma idan ruwa bai kai gare su ba. Wanda ya karanci fannin yana riƙe da jadawalin waɗannan wa'adodi, ya san me zai mutu a wace shekara, ya tanadi kuɗinsa tun kafin ranar ta zo.

Babban abokin gabar gini shi ne ruwa. Hau saman kowace filaza a farkon damina ka leƙa magudanar da ke bayan katangar rufi. Za ka tarar da ƙurar hunturu ta taru, ledar ruwa da kashin tantabara sun toshe bakin bututu, wani lokacin har ɗan tsiron cediya ya kafa saiwa. Ruwan sama na farko sai ya kwanta a nan. A hankali yake ratsa kankare har ya iske rodi. Rodi kuwa in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tura kankaren da ke lulluɓe da shi. Alamar farko ɗan jan tabo ne a silin. Daga nan tsaga ta biyo layin rodin, daga nan ɓaraguzai su fara faɗowa a kan kaya da kan mutane. Share wannan magudana aikin yaro ɗaya ne da tsintsiya da shebur na wuni guda. Gyaran dekin da rodinsa ya ruɓe kuwa sai an tashi 'yan haya, an tokare ginin, an fasa, an sake zubi. Wani injiniya ɗan ƙasar Holan, de Sitter, ya fitar da ƙa'idar wannan asara a 1984: abin da naira 1 za ta hana a lokacin gini, naira 5 ce ke tare shi da kulawa, naira 25 idan lalacewa ta bayyana, naira 125 idan ta ci jikin ginin.

Abu na biyu da nake yawan cin karo da shi shi ne sauya wa gini aiki ba tare da lissafi ba. Benen da aka tsara don ofis, an yi masa lissafin ɗaukar kimanin kilo 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, wato mutane da tebura da kabad. Kasuwa ta buɗe, sai a mayar da shi sito. Buhun shinkafa kilo 50 ne. Jera biyu a ƙasa, ka ɗora goma-goma, ka aza tan guda a wurin da aka yi wa lissafin kwata ko sulusinsa. Haka dilolin atamfa da shadda. Tankin ruwa mai lita 5,000 idan ya cika tan 5 ne, amma za ka ga an ɗora biyu a tsakiyar dekin, nesa da ginshiƙi. Wutar lantarki ma haka: wayar da aka ja don ƙwai da fanka, yau an rataya mata firiza da na'urar sanyi da hita, an kewaye fis da guntun waya don kada ya riƙa yankewa. Hanyar da aka bari don motar kashe gobara ta zama layin kwantena. Duk wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi a watan Maris na 2016, da dubban shagunan da suka ƙone a dare ɗaya, ya san wuta a kasuwa ba ta barin mai ƙaramin jari balle mai babba.

Sauya wa gini aiki ba laifi ba ne, hasali ma rabin ilimin ke nan. A Landan, tsohuwar tashar lantarki ta Bankside ta zama gidan baje zane-zane na Tate Modern a 2000. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, rumbun hatsin tashar jiragen ruwa ya koma gidan adana zane-zanen Afirka a 2017. A nan gida, benen Cocoa House na Ibadan mai hawa 26, wanda aka kammala a 1965, ya ƙone a 1985, aka gyara shi, har yau ana kasuwanci a ciki. Gidan Sardauna a Kaduna ya zama Arewa House, cibiyar binciken tarihi. Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama a Kano sun zama gidajen tarihi. A ɗaya gefen kuma, sakatariyar gwamnatin tarayya da ke Ikoyi tana tsaye kango tun bayan komawa Abuja a 1991. Otal ɗin Durbar na Kaduna, da aka gina don bikin al'adu na 1977, ya yi shekaru a rufe har aka rushe shi a 2020. Masaƙun Kakuri da masana'antun Sharaɗa da Bomfai da Challawa da suka tsaya, akwai ginshiƙai da ƙarafan rufi masu lafiya a cikinsu waɗanda za su iya zama kasuwa ko makarantar koyon sana'a ko wurin sarrafa amfanin gona. Da tsadar siminti da rodi a yau, duk ginshiƙin da aka ceto dukiya ce. Ga kuma muhalli: sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

Abin da ake buƙata shi ne mutumin da zai shiga tsohon gini ya karanta shi. Ɗalibin wannan fanni yana koyon halin kankare da ƙarfe da katako, da yadda ake bambanta tsagar filasta da tsagar da ta fito daga harsashi. Yana koyon gwajin ƙarfin kankare ba tare da an fasa shi ba, da tsarin wuta da ruwa da magudanar bahaya, da matakan kariya daga gobara. Yana koyon lissafin abin da gini zai ci tun daga tubalin farko har ƙarshen rayuwarsa, da ƙimar kadara, da dokokin haya da na mallakar ƙasa, musamman Dokar Amfani da Filaye ta 1978 da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006. Yana koyon zama da mutane ma, domin shawo kan 'yan haya 60 su biya kuɗin hidima a kan lokaci aiki ne da ke buƙatar haƙuri da riƙon amana.

Don karanta fannin ba sai an ƙetare teku ba. A kundin JAMB za a sami kwasa-kwasan da sunayen Building da Estate Management, kuma galibi shekara 5 ake yi, da watannin koyon aiki a fili. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen gini, har da digiri na biyu a kan kula da gine-gine da kayan aikinsu. Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen kula da filaye da gidaje. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi da Jami'ar Fasaha ta Minna suna da duka biyun, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ma tana koyarwa. Wajen aiki kuwa, bankuna da asibitoci da otal-otal da manyan kantuna duk suna neman irin waɗannan mutane. A watan Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 11, wanda ya wajabta wa ma'aikatun tarayya kula da gine-ginensu a kan tsari. Umarni ba ya aiwatar da kansa, sai da ƙwararru.

Ɗabi'ar kula da gini ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai sun yi yaɓe, sun gyara indararo, sun duba azara ko gara ta shiga. Da irin wannan kulawa ginin ƙasa na Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na Zariya ya haura shekara 180. Da siminti ya zo sai muka ɗauka an gama da yaɓe har abada, alhali shi ma yana da irin nasa.

Alhaji mai filaza, ka adana zanen gininka da takardunsa, ka ware wani kaso na kuɗin haya duk shekara a asusun gyara, ka sa ƙwararre ya zagaya ginin kafin damina da bayanta, kuma kada a ɗora hawa ko tanki ko a fasa bango sai injiniya mai rajista ya yi lissafi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Malamanmu na jami'a, ku riƙa fitar da ɗalibai zuwa Kantin Kwari da Kakuri su yi aikin bincikensu a kan gine-ginen da ke gabansu. Ƙannena masu shirin cike fom, maza da mata, ku duba wannan fanni da idon basira. Benayen da ake zubawa yau a Kano da Kaduna da Abuja, nan da shekara 20 duk za su nemi mai duba su, kuma rayukan mutanen da ke ciki suna hannun wanda ya iya aikin.