Amsoshin Tambayoyinku: Man Sarƙar Injin Yankan Katako

Wani mai sauraronmu, mai yankan katako a Kachia, yana tambaya: ƙarfen da sarƙar injinsa ke zagayawa a kai yana zafi, ko ya faɗaɗa ramin mai?

Malam, Allah ya taimaka, kada ka yi saurin faɗaɗa ramin. Galibi garin katako ne ke toshe shi, musamman idan itacen mai tauri ne kamar maɗaci. Ka cire ƙarfen, ka share ramin da kwalbatin sarƙar. Sannan ka tayar da injin, ka nufi farin katako da bakinsa. In mai na fita, za ka ga feshinsa.

Tsohon baƙin man mota kuwa, a guji amfani da shi a matsayin man sarƙa. Dattinsa na cinye famfon mai.